Wa Ke Riƙe Da Bakin Jakar Gwamnati?

Ya ɗan'uwa mai karatu, ina rubuto maka daga Tenhiya, a arewacin Damargu, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, makiyaya ta fara. Aikina koya wa manya karatu da lissafi. Cikin ɗalibaina akwai Hausawa, da Abzinawa, da Fulani, galibinsu kuwa sun girme ni.

Wata rana muna koyon yadda ake jera kuɗin shiga a gefe ɗaya, kuɗin fita a gefe ɗaya, sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, tun ina saurayi nike ji a rediyo gwamnati za ta yi tsimi. To, in mai gida ya ce za a yi tsimi, tuwon wa ake fara ragewa?" Aji ya ɗauki dariya. Na ce masa, "Baba, ka ba ni lokaci, amsarka tana cikin tarihi." Ga abin da na tattaro masa, na ga ya kamata kai ma ka ji.

Jaka da doka

Kowace shekara gwamnati tana rubuta abin da take sa ran samu ta hanyar haraji, da kuɗin duwan, da ma'adinai, da bashi, da taimako. Tana kuma rubuta abin da za ta kashe. Wannan shi ne kasafin kuɗi. Kundin tsarin mulki kuwa shi ne uwar dokoki, shi ke faɗin wanda ke da ikon ɗora haraji, da wanda ke da ikon buɗe baitulmali, da wanda zai duba ko an ci amana.

Wannan dabara ta daɗe. A Ingila, a shekarar 1689, aka kafa doka cewa sarki ba zai karɓi kuɗi daga jama'a ba sai da yardar majalisa. A Amurka, kundin 1787 ya hana a fitar da ko anini daga baitulmali sai majalisa ta yi doka a kai. A 1791 suka ƙara gyara na goma, wanda ya ce duk ikon da kundi bai ba gwamnatin tarayya ba, ya rage wa jihohi ko jama'a. Da wannan gyara ne masu son a rage hukumomin tarayya suke kafa hujja. Amma lura da ɗaya gefen. Da shugaba Nikson ya ƙi kashe kuɗin da majalisa ta riga ta ware, sai majalisar ta yi doka a 1974 ta taƙaita masa wannan dama. Ka ga ke nan doka ba kashe kuɗi kaɗai take wa linzami ba, har da yanke shi.

Nijar ba tarayya ba ce irin Amurka ko Najeriya. Gwamnatinmu ɗaya ce, mazauninta Yamai. Saboda haka gardamarmu ba ta jiha da tarayya ba ce. Tamu ita ce, wa ke cewa a kashe, wa ke cewa a rage, kuma da izinin wa?

Lokacin da gwamnati ta shiga kasuwa

Da aka samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, shugaba Jori Hamani ya tarar da ƙasa ba masana'antu, ba manyan attajiran da za su iya gogayya da kamfanonin Faransa. Sai gwamnati ta ce ita za ta cike giɓin. Aka kafa bankin BDRN a 1961. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gyaɗa, da COPRO-Niger don shigo da kayan masarufi kamar sukari da gishiri da shayi, da UNCC don ba manoma bashi da tsara ƙungiyoyinsu. Aka kafa OFEDES don gina rijiyoyi da kula da su. A 1970 aka kafa OPVN don sayen hatsi da kaka a sayar da bazara, domin farashi kada ya fi ƙarfin talaka.

Akwai kundin tsarin mulki a lokacin, na 8 ga Nuwamba 1960, akwai kuma majalisa ƙarƙashin Bubu Hama. Sai dai jam'iyya ɗaya ce tak, PPN-RDA. Wanda ke kashe kuɗin da wanda ke dubawa duk ƴan gida ɗaya ne. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, dabbobi suka ƙare a nan arewa, aka yi ta ƙorafi cewa hatsin agaji ba ya isa ga mayunwata. Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnati, Seyni Kunce ya hau. Ya jingine kundin, ya rushe majalisa. Daga nan har 1989 ƙasar nan ba ta sake ganin majalisar dokoki ba.

Daɗin da bai daɗe ba

Kunce ya zo a sa'a. An fara haƙo uraniyom a Arlit a 1971, aka ƙara da mahaƙar Akuta a 1978, farashi kuma ya yi sama a duniya. Kuɗi suka shigo irin wanda ba a taɓa gani ba. Aka sassauta wa talakawa haraji. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka gina makarantu da asibitoci, aka ɗauki ma'aikata, aka tsai da manyan benaye a Yamai. Aka kuma ci bashi mai yawa a bankunan waje, bisa tsammanin gobe za ta yi kamar yau.

Gobe ba ta yi kamar yau ba. A 1979 aka samu hatsari a wata tashar nukiliya a Amurka, ƙasashe suka fara ja da baya, farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Kuɗin shiga ya ragu, bashi kuwa ba ya jin bari. A 1983 Nijar ta nemi rancen asusun FMI, a 1986 ta ƙulla da Bankin Duniya shirin gyaran tattalin arziki. Firaministan da wannan nauyi ya faɗo a kansa ɗan Damargu ne, Hamid Algabid, haifaffen Balbeji, wanda ya riƙe muƙamin daga Nuwamba 1983 zuwa 1988.

Mai karatu, kada mu yi son kai. Kamfanonin nan da yawansu sun lalace. An cika su da ma'aikatan da ba su da abin yi, an ba manya bashi ba su biya ba, kowace shekara baitulmali ke cike asararsu da kuɗin talaka. Gyara ya zama dole. Amma dubi yadda aka yi shi. Babu majalisa, babu kundi, babu kotun da za a kai ƙara. An zauna ne tsakanin gwamnatin soja da masu bin bashi. Wanda ya ci bashi kuwa ba ya ɗaga murya gaban mai kuɗi.

Aka rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980. Aka karɓe wa COPRO-Niger ikon da take da shi ita kaɗai. Aka taƙaita OPVN ga ajiyar hatsin ko-ta-kwana da rabon agaji. SONARA ta mutu tare da kasuwar gyaɗa. BDRN ya rufe a 1990. Kula da rijiyoyi da tashoshin famfo sannu a hankali ya koma wuyan masu shan ruwan, aka ce su kafa kwamiti su riƙa tara kuɗin gyara.

Wannan duka ya haɗu da farin 1984, ga kuma Najeriya ta rufe iyakarta a wannan shekara. Shi ya sa tsofaffinmu ke kiran yunwar da sunan El Buhari. A Yamai, in an ce an rage wata hukuma, ofis ne aka kulle. A Tenhiya kuwa, injin famfo ne ya tsaya aka rasa mai zuwa gyara, garke ya yi kwana biyu bai sha ba. Takardar ɗaya ce, amma ba nauyinta ɗaya ba a wuraren biyu.

Jini a gada, gardama a zaure

Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi. A 1989 aka yi sabon kundi, amma har yanzu jam'iyya ɗaya, MNSD. Tsimi ya kai ga ilimi, aka shirya rage tallafin ɗalibai da daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kai tsaye. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, aka buɗe musu wuta a gadar Kenedi, uku suka mutu bisa lissafin hukuma. Daga ranar nan ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai ba su sake yin shiru ba.

Wannan ya kai mu ga Babban Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wakilai sama da dubu, ƙarƙashin Farfesa Andre Salifu, ɗan Damagaram. Karo na farko aka tsai da manya gaban jama'a ana tambayarsu inda dukiyar ƙasa ta shiga, mutane na saurare ta rediyo har cikin ruga. Taron ya ƙi amincewa da sharuɗɗan masu bashi. Ya naɗa Amadu Shehu firaministan riƙon ƙwarya.

Ƙin sharaɗi abu ne mai daɗin faɗi, amma bai cika jaka ba. Masu ba da rance suka janye hannu, albashi ya riƙa makara wata da watanni. A Fabrairu 1992 ƙananan sojoji suka yi bore saboda ba a biya su ba. Aka amince da sabon kundi ran 26 ga Disamba 1992, aka zaɓi Mahamman Usman a 1993. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Magani, da shayi, da kayan gyaran inji duk suka tashi. Ala tilas aka koma teburin masu bashi.

Darasin wannan zamani mai ɗaci ne. In wakilan jama'a suka kasa zaɓen abin da za a rage, to rashi zai zaɓa musu, shi kuwa rashi ba ya duba fuska. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman makaranta na kwantaragi, da albashin da bai kai na cikakken malami ba. An samu yawan azuzuwa, gaskiya ne. Amma mu da muka bi ta makarantar horon malamai mun san irin wahalar da ke cikin tura yaro daji ya koyar, ba isasshen horo, ba isasshen guzuri.

Ranar da kotu ta ce a'a

Bayan juyin mulkin Ibrahim Ba'are Mainasara a Janairu 1996, da kisansa ran 9 ga Afrilu 1999, aka yi kundin Jamhuriya ta Biyar a 1999. Wannan kundi ya kafa Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai bakwai. Yana kuma ɗauke da wata ƙa'ida da aka aro daga kundin Faransa na 1958. Ma'anarta ita ce, ɗan majalisa ba shi da damar kawo dokar da za ta ƙara wa baitulmali nauyi, ko ta rage masa shiga, sai ya nuna inda za a samo madadin kuɗin. Mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

A 2005 jama'a suka fara gwada ƙarfinsu. Fara ta ci amfanin gona a 2004, damina ta yanke da wuri, Tanut na cikin yankunan da yunwa ta fi taɓawa. A daidai wannan lokaci aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara, da fulawa, da sukari, da ruwa, da wuta. Ƙungiyoyin farar hula, da Nuhu Arzika a gaba, suka kira a rufe kasuwanni a zauna gida. Gwamnati ta kama shugabanninsu, daga baya ta sake su, ta janye harajin a kan wasu kayan.

Sai ga 2008. Ƴan majalisa, su 113, suka zartar da dokar da ta tsara musu alawus da wasu alfarmomi. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyoyi suka fito titi suna cewa ba a gama share hawayen yunwa ba. Magana ta je gaban Kotun Tsarin Mulki, wadda wata alƙaliya, Fatimata Bazai, ke shugabanta. Kotu ta ce dokar ta saɓa wa kundi, domin ta ƙara wa baitulmali nauyi ba tare da an nuna inda kuɗin zai fito ba.

Tsaya ka yi tunani a nan, mai karatu. Shekara ashirin da biyar ana tsimi a ƙasar nan, kullum daga ƙasa ake yanka, ɗalibi, da malami, da mai rijiya. Ga rana ta zo an taka wa na sama birki. Ba bindiga ce ta yi ba, ba kuma wani baƙo daga Washinton ba. Layi biyu ne a cikin kundi, da alƙalan da suka karanta su yadda aka rubuta, da jama'ar da ta ƙi yin barci. Hukuncin bai kashe gardamar alawus nan take ba, amma ya nuna cewa takarda tana iya riƙe hannun mai iko.

Abin baƙin ciki, kotun ba ta daɗe ba. A 2009 shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Ran 25 ga Mayu kotu ta ba da ra'ayi cewa ƙuri'ar raba gardamar da yake so ba ta halatta ba. Kashegari ya rushe majalisa. Ran 12 ga Yuni kotu ta soke dokar kiran ƙuri'ar, ran 29 ga Yuni ya rushe kotun kanta. Aka yi ƙuri'ar ran 4 ga Agusta. Sabon kundin da ta haifa ya ƙirƙiro majalisar dattawa, wato ƙarin kujeru da ƙarin albashi. Ba ta kai ga zama ba, domin ran 18 ga Fabrairu 2010 Salu Jibo ya kifar da gwamnatin.

Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya yi ƙoƙarin ɗaure bakin jaka da kyau. Ya tsai da Kotun Lissafi mai binciken yadda aka kashe kuɗin ƙasa. Ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da abin da aka samu daga gare su kowa ya gani. Ya ce a fifita noma, da kiwo, da lafiya, da ilimi wajen kashe wannan dukiya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da matatar man SORAZ, mai iya tace ganga 20,000 a rana, an buɗe ta ne a Nuwamba 2011 a ƙasar Tanut, kan hanyar Damagaram. Sai dai kundin nan ma ya zo da nasa jerin hukumomi, kowace da shugaba, da motoci, da ofis. Kundi yana iya rage kashe kuɗi, yana kuma iya haifar da shi.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdurahaman Ciyani suka karɓi mulki, suka jingine wannan kundi tare da hukumominsa. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ran 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da Yarjejeniyar Sake Gina Ƙasa, wadda ta maye gurbin kundin. Jamhuriya bakwai ke nan muka gani tun daga 1960.

Amsar da na kai wa Baba

Da na koma aji na ce masa, "Baba, tuwon wanda ba ya zaure lokacin rabo shi ake fara ragewa." Ya gyaɗa kai ya ce ai ya sani, so yake ya ji ko boko ma ya sani.

Ni ban ce kada gwamnati ta yi tsimi ba. Mu mutanen Damargu mun fi kowa sanin tsimi. Mai gidan kirki yana rufe rumbu tun da kaka, yana auna tiya, yana sayar da bunsuru don ya tsirar da saniya. Amma ba ya cinye iri, ba ya kuma sayar da guga don ya sayi rawani. Hukumar da ba ta da aiki sai cin albashi, a rufe ta, ba mai kuka. Rijiya, da allurar dabbobi, da malamin makaranta, da rumbun ko-ta-kwana, waɗannan su ne irin shuka. In aka cinye su bana, baɗi za a biya ninki.

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne a riƙa yin tambaya uku duk lokacin da aka ce za a rage, ko za a ƙara. Wa ya yanke shawarar? Wace doka ta ba shi izini? Ina talaka zai kai kuka in an zalunce shi? A 1983 babu amsar ko ɗaya. A 2008 an samu amsar duka ukun, shi ya sa wuƙar ta juya sama. Ko wane suna aka ba babbar dokar da za ta zo nan gaba, ka nemi waɗannan abubuwa a cikinta, majalisar da za ta amince da kasafi, kotun da ba a iya korarta don ta faɗi gaskiya, da lissafin da ake bugawa a fili cikin harshen da jama'a ke ji.

Kada ka ce wannan maganar manya ce. Kai ne kake biyan kuɗin kasuwa in ka kai rago Tanut ko Balbeji, kai ne ake miƙa wa tikiti. Karɓi tikitin, ka karanta adadin da ke jiki, ka ajiye. In kana cikin kwamitin rijiya, ka ce a buɗe littafi gaban kowa, a karanta shiga da fita. In ka je ofishin ƙaramar hukuma, ka tambaya cikin ladabi nawa aka tara bara, me aka yi da shi. Wanda ya saba duba lissafin rijiya, ba zai ji tsoron lissafin ƙasa ba.

Dattijon nan yanzu shi ke riƙe da littafin kuɗin rijiyarsu. Rubutunsa bai miƙe ba tukuna, amma jimlarsa ba ta kuskure. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu idon dubawa. Amin.